Majalisi na 12: Zogale da Haƙƙin Jiki a Watan Azumi

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rayar da ƙasa bayan bushewarta, Mai ciyar da bayi ta inda suka sani da inda ba su sani ba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurare, na cikin garin Matamaye, da na Kance, da Dungu, da Yawuri, da Kurni, da Tsawni, da Ɗan Barto, har da waɗanda muryar nan take tsallake iyaka ta iske su a ƙasar Daura, Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

Jiya mun yi bayanin ladubban buɗa baki da sahur. Yau kuwa za mu leƙa cikin akushin da kansa, mu yi magana a kan ganye guda wanda babu wanda bai san shi ba a cikinmu, wato zogale. Na san wani zai ce a ransa, ashe Liman ya ajiye littafi ya koma kwaɗo? To, ɗan'uwa, kada ka yi gaggawa. A cikin Suratu Abasa Allah Ya umarci mutum da ya dubi abincinsa da idon tunani, kuma cikin ni'imomin da Ya lissafa a wurin har da ɗanyen tsiro. Kuma ya tabbata cewa lokacin da Abdullahi ɗan Amru, Allah Ya yarda da shi, ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tunatar da shi cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Jikin nan shi ne abin hawan ibada. Da shi ake tsayuwar asham, da shi ake noma, da shi uwa take shayar da ɗanta. Hausawa kuma suka ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abin da ya faru a gidana

Zan fara da kaina, domin mai wa'azi idan ya ɓoye nasa kuskure, ya rage wa maganarsa albarka. Waɗanda suka manyanta a cikinku suna tuna shekarar 2005, wadda ta biyo bayan fari da fara na 2004, yadda yunwa ta taɓa jihar Damagaram da ta Maraɗi. Mu limamai mun san nauyin wannan shekara ta wata hanya dabam, domin mu ake kira idan za a yi sallar gawa, kuma mafi yawan waɗanda muka sallata ana ɗauko su ne a hannu biyu, ba a bisa makara ba. Allah Ya sa masu ceton iyayensu ne.

Bayan wannan da ƴan shekaru, matar ɗana ta haihu gab da azumi. Bayan suna muka ga ta ɗashe, idan ta miƙe jiri ya ɗebe ta, nono kuma ya ƙi wadata. Aka kai ta gidan likita. Ma'aikaciyar lafiya ta duba cikin idonta da tafin hannunta, ta auna jininta, sa'an nan ta fito ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba Liman, jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Za mu ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, amma me take ci a gida?" Na ce, "Ƴata, abin da kowa yake ci, fura da tuwo." Ta ce, "Babu zogale a unguwarku?" Sai na yi shiru, domin a bayan ɗakina akwai itatuwa biyu na zogale, kuma ni da hannuna nake sassabe ganyensu ina zuba wa ragon da nake kiwo domin layya. Rago ya yi ƙiba, surukata tana faɗuwa. Tun daga ranar na ɗaura aniyar tambaya a kan wannan ganye.

Ni ban shiga lakwal ba, karatuna na allo ne da na zaure. Amma Allah Ya umarce mu da tambayar ma'abuta sani a kan abin da ba fanninmu ba, kuma matambayi ba ya ɓata. Abin da zan gaya muku na sinadarai, daga bakin ma'aikatan lafiya da malaman gona na ɗauko shi, na maimaita tambaya har zuciyata ta natsu.

Asalinsa da sunayensa

Masana tsirrai sun ce asalin zogale daga arewacin ƙasar Indiya ne, daga can ya bazu cikin ƙasashe masu zafi. Mu muna ce masa zogale ko zogala, wasu su ce zogalagandi, wasu bagaruwar Makka, a wajen Maraɗi kuma za ka ji ana kiransa da sunan da ke jingina shi ga Makka. Zabarmawa suna ce masa windi bundu, kwaɗonsa kuma kopto. Wannan jinginawa ga Makka tana da ɗan dalili, domin a duwatsun Hijaz akwai wani itace ɗan'uwansa na jini, Larabawa suna kiransa albanu, suna matse mai daga ƴaƴansa tun zamanin da.

A ƙasarmu ta Nijar zogale ya zama babbar sana'a. Ana noma shi sosai a Jiratawa ta jihar Maraɗi, da garaken bakin kogi kusa da Yamai, da fadamunmu na Korama tare da rake da kayan miya. Duk da haka abin da ake nomawa ba ya isa, har ana shigo da busasshe daga arewacin Nijeriya, kuma babu lokacin da kasuwarsa take tashi kamar watan nan na Ramadan. Ku lura da wannan: mutanen birni suna biyan kuɗi mai yawa domin abin da mu yake tsaye a bayan ɗakunanmu.

Abin da Allah Ya ajiye a cikin ganyen

Abincinmu na yau da kullum gero ne da dawa, yanzu kuma shinkafa da taliya sun shigo. Waɗannan suna cika ciki, suna ba da ƙarfin aiki, amma akwai abubuwan da jiki yake bukata waɗanda babu su a ciki, ko kuwa suna da ƙaranci. Shi ya sa mutum zai ƙoshi kullum, amma jikinsa yana cikin yunwar da ba a jin ta a ciki. A nan zogale yake shigowa.

Na farko, sinadarin gina jiki, wanda ake kira furotin, shi ne wanda tsoka take ginuwa da shi, yaro kuma yake girma da shi. Busasshen ganyen zogale, kusan kashi 1 cikin 4 na nauyinsa wannan sinadari ne, wato yana kafaɗa da kafaɗa da wake, alhali gero bai wuce kusan kashi 1 cikin 10 ba. Sai dai mu yi adalci: mutum yana cinye kwanon wake, amma garin zogale cokali ake ɗiba. Saboda haka zogale mai taimako ne ga wake da gyaɗa da nono da nama, ba mai kore su ba ne.

Na biyu, abin da jiki yake juyawa ya zama bitamin A. Dattawa sun san dundumi, wato mutum ya riƙa gani da rana, amma da magariba ta yi sai ya koma lalube. Rashin wannan bitamin ne yake kawo shi, kuma ya fi kama yara da mata masu ciki. Yaron da ya rasa shi, ƙyanda da gudawa sun fi yi masa illa, kuma idan abin ya yi nisa ido yana iya mutuwa gaba ɗaya. Domin haka ne ake bi gida-gida ana ɗiga wa yara daga wata 6 zuwa shekara 5 wannan bitamin a baki. Gero ba shi da wani abin kirki na wannan sinadari, ganyen zogale kuwa cike yake da shi.

Na uku, sinadarin ƙarfe, wanda jini yake ginuwa da shi. Ƙarancinsa shi ne yake kawo ɗashewa, da kasala, da jiri, da bugun zuciya idan an ɗan yi tafiya. Mace ta fi namiji bukatarsa, saboda al'ada da ciki da haihuwa. Na huɗu, kalsiyam, mai ƙarfafa ƙashi da haƙori, wanda mai shayarwa take zubar da shi cikin nono kowace rana. Na biyar, bitamin C, wanda yake cikin ɗanyen ganye, yana taimakon jiki wajen warkar da rauni da tsotse ƙarfen da aka ci. Bayan waɗannan akwai harzar ganyen, wadda take sassauta ciki, kuma duk mai azumi ya san wahalar taurin bayan gida idan aka yi kwanaki ana cin soye-soye da ƙarancin ruwa.

Wata falala kuma ita ce ta lokaci. Tafasa da rama da sauran ganyayen daji na damina ne, idan rani ya yi nisa sai busasshensu. Zogale kuwa, muddin saiwarsa tana samun ɗan ruwa, yana ba da ɗanyen ganye a tsakiyar bazara, lokacin da rumbu ya fara sauka, jikin yara kuma ya fara nuna alama.

Cin ganye ba abin kunya ba ne

To, me ya hana mu? Abu biyu ne: jahilci da girman kai. Magidanci yana ganin kwaɗo abincin mata ne da yara, ko kuwa shaidar talauci ce. Idan ya yi baƙo, gara ya ci bashi ya sayo lemon kwalba da ya ajiye masa kwanon zogale.

Ya kai ɗan'uwa, shin ka fi sahabbai daraja ne? Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ɗaya daga cikin goma da aka yi wa albishir da Aljanna, ya ba da labarin cewa sun kasance suna fita yaƙi tare da Manzon Allah ba su da abinci sai ganyen itace. Jabir ɗan Abdullahi kuma ya ruwaito labarin rundunar mutum 300 ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrah, waɗanda aka aika bakin teku, guzuri ya ƙare har ana ba kowa dabino ɗaya a yini, sa'an nan suka koma kakkaɓo ganye da sanduna suna jiƙawa suna ci, har aka sa wa rundunar sunan ganyen. Wancan ganyen tilas ne, na ƙaya, mai wuyar haɗiya. Namu kuwa mai laushi ne, ga ƙuli-ƙuli, ga albasa, ga yaji, amma muna yi masa yanga.

Ba kuma a halin tilas kaɗai suka ci ganye ba. Sahlu ɗan Sa'adu ya faɗi yadda suke murna da ranar Juma'a, saboda wata tsohuwa a Madina da take dafa musu wani tsiro mai suna silƙu tare da sha'ir idan an sauko daga masallaci. Kuma an ruwaito cewa lokacin da Sayyidina Aliyu yake farfaɗowa daga rashin lafiya, Manzon Allah ya tsayar da shi daga cin dabino, ya nuna masa dafaffen silƙu da sha'ir a kan shi ya fi dacewa da shi. Ashe ke nan zaɓa wa mai rauni abincin da ya dace da jikinsa yana da asali a cikin sunna.

Yadda muke ɓata shi, da yadda za mu gyara

Iyayenmu mata, wannan sashe naku ne, kuma kun fi ni sanin tukunya, sai ku yi mini haƙuri. Abubuwa huɗu ne suke rage amfanin zogale a hannunmu.

Na ɗaya, doguwar dahuwa da zubar da ruwan. Ana cika tukunya da ruwa, a bar ganye yana tafasa har ya yi baƙi, sa'an nan a matse a zubar da ruwan a kwata. Wani sashe na amfanin wuta ta kashe shi, wani kuma ya bi ruwan. A wanke ganyen da kyau tun yana ɗanye, a sa ruwa kaɗan, a sauke da zarar ya yi laushi, ruwan da ya rage kuma a zuba shi a miya. Idan miya za a kaɗa, a sa ganyen daga ƙarshe.

Na biyu, kanwa. Tana sa ganye ya nuna da wuri, amma tana lalata wasu bitamin. Ƙaramin ganye sabon tsinka ba ya bukatarta.

Na uku, shanya a rana. Hasken rana yana cinye abin nan mai gyara ido. A shanya shi a inuwa, cikin ɗaki ko rumfa mai iska, a bisa tabarma mai tsabta, a rufe shi da ƙyalle mara kauri saboda ƙuda da ƙura da kaji. Idan ya bushe ƙarau a daka, a tankaɗe, a zuba a cikin abin da yake rufuwa sosai, a ajiye inda haske da laima ba sa kai wa. Garin da ya tsaya kore shar shi ne mai kyau, wanda ya koma ruwan ƙasa kuwa ya yi asara mai yawa.

Na huɗu ya shafi maza, shi ne shayi. Shayi yana tare ƙarfen da ke cikin ganye, ya hana hanji tsotse shi. Mu kuwa da an sha ruwa an ci kwaɗo, sai a ɗora buta, a sha na fari, da na biyu, da na uku. Ku jinkirta shi zuwa bayan asham. Mai ciki da mai jego su fi kowa kiyaye wannan.

Akwai kuma abin da kakanninmu suka dace a kansa ba tare da sun shiga makarantar likita ba. Sinadarin gyaran ido ba ya shiga jiki da kyau sai tare da maiƙo, ga shi kuwa ba a kwaɗo sai da ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa. Ƙarfen ganye yana son tsami irin na lemo da tumatir, ga shi ana yanka tumatir a kwaɗo. A ƙara matsa lemon tsami a kai. Dambun zogale ma haka, da ɗan mai da wake ya zama cikakken abinci, kuma ya fi riƙe mai azumi a sahur bisa ga farar taliya da ruwan sukari.

Wa ya fi cancanta da kwanon farko?

A al'adarmu kwanon maigida ake fara ɗiba, a kai masa zaure da mafi kyawun abin da ke tukunya, yara da uwarsu su ci saura. Ni ina gaya muku, a sha'anin zogale da wake da ƙwai da hanta, a juya wannan tsari. Mai ciki, da mai shayarwa, da yaron da ya wuce wata 6, su ne a gaba. A ƙasar Filifin, tun da daɗewa, romon ganyen nan ake dafa wa mai jego.

Jariri kafin wata 6 nonon uwa kaɗai ya ishe shi, kada a ɗura masa zogale ko wani jiƙo. Bayan wata 6, a ci gaba da nono, a riƙa barbaɗa ɗan garin zogale a kununsa tare da ɗan ƙulli na gyaɗa, a fara da kaɗan domin cikinsa ya saba, domin yawansa farat ɗaya yana sa zawo ko ga babba.

A nan akwai mas'alar fiƙihu. Malam Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya bayyana a cikin Risala cewa mai ciki idan ta ji tsoro ga abin da ke cikinta za ta sha azumi, ta rama daga baya. Mai shayarwa kuma idan ta ji tsoro ga ɗanta, ba ta sami wadda za ta shayar mata ba, ko ɗan ya ƙi karɓar wata, ita ma za ta sha, ta rama, ta kuma ciyar. Saboda haka kada wani miji ya ce wa matarsa, ga zogale nan, ci ki daure. Rangwamen da Allah Ya yi, babu ganyen da yake soke shi.

Abinci ne, kada a ɗora masa abin da ba nasa ba

Kamar yadda raina shi kuskure ne, haka wuce iyaka a kansa. Kuna jin masu lasifika a kasuwa suna cewa zogale yana maganin cuta ɗari da kaza, har wani ya ce ya zo a hadisi. Ku ji tsoron Allah. Malam Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'adi, da ya zo kan man albanu, wancan ɗan'uwan zogale na Hijaz, ya ambaci amfaninsa, sa'an nan ya faɗa a sarari cewa hadisin da ake yaɗawa a kansa ƙarya ne, ba shi da asali. Ku dubi adalcin malamai: ya yabi itacen, ya kuma ƙi a yi wa Annabi ƙarya dominsa. Wanda ya jingina wa Manzon Allah abin da bai faɗa ba da gangan, an yi masa alƙawarin mazauni a wuta, ko da abin da yake tallatawa mai amfani ne.

Mai ciwon sukari da mai hawan jini su ci zogale a matsayin abinci, amma kada su ajiye maganin likita dominsa, kuma su sanar da likitansu idan suna shan garinsa kullum, musamman da azumi, domin sukari yana iya faɗuwa ƙasa ya kayar da mutum. Zazzaɓin cizon sauro ba a tsayawa jiƙa masa ganye, gidan likita ake nufa. Saiwar zogale da ɓawonsa ba kamar ganyensa ba ne, suna da ƙarfi mai cutarwa, mai ciki ta nisance su ƙwarai, domin suna iya taɓa cikin.

Yaron da tamowa ta riga ta kama, wanda ƙafafunsa suka kumbura, ko gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ko zaren awon dantse ya nuna ja, wannan ya wuce zogale. A kai shi gidan likita a ranar, kada a jira a sha ruwa, kada a jira Salla. Zogale rigakafi ne, kuma mai taimako ne bayan an warke. Abincin nan na gyaɗa da ake ba masu tamowa a cikin ƴar leda kuwa, magani ne na wannan yaro shi kaɗai. Uban da ya sayar da shi, ko ya yi sahur da shi, ya ci amanar wanda ba ya iya kai ƙara sai a gaban Allah.

Ƴaƴan zogale kuma suna da wani aiki. Matan karkara a ƙasar Sudan sun daɗe suna daka ƙwayar su zuba a ruwan kogi mai laka, su motsa, su bar shi ya kwanta, dattin ya taru a ƙasa. Gaskiya ne yana tace ruwa, amma ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta. Ruwan tabki ko ya yi garau, a tafasa shi kafin a ba yaro.

Nasiha ga masu garka da masu sayarwa

Ku masu garake, Allah Ya sa albarka a sana'arku. Mun san tsutsa tana addabar zogale, har takan tsige itace tas, kuma kuna fesa magani. To, kowane maganin feshi yana da kwanakin da ake jira kafin a tsinki ganye. Wanda ya fesa yau ya tsinka gobe domin kasuwar azumi ta yi kyau, ya sani guba ya aika cikin akushin mai azumi. Ku tambayi malaman gona irin maganin da ya dace da abin da ake ci da ganyensa, da tsawon jiran. Manzon Allah ya taɓa sa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji laima a ƙasa, ya kuma barrantar da kansa daga mai algus. Laima ma ke nan, ina ga guba? Haka mai cakuɗa garin zogale da wani ganye, da mai yayyafa wa busasshe ruwa domin ya yi nauyi.

Masu kwaɗon sayarwa, ku wanke hannu da sabulu, ku rufe kwano, kada a kwana da saura a sake fitowa da shi. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya babu zakka a kan ganyaye, amma ƙofar sadaka a buɗe take, kuma wanda ya ciyar da mai azumi yana da kwatankwacin ladansa. Kafin ku ɗaure buhu zuwa Damagaram, ku fitar da na gida da na maƙwabciya mai jego. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Kowa ya shuka

Zan rufe da roƙo. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa Musulmin da ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, sadaka ce a gare shi. Zogale kuwa ba ya wahalar da mai shi. Ana shuka ƙwayarsa ta tsiro cikin mako 1 zuwa 2, ana kuma dasa reshensa ya kama. Yana son ƙasa mai yashi irin tamu, ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi. Abokan gabansa akuya da tsutsa ne, sai a kewaye shi da ƙaya ko kara. Idan ya kai ƙugun mutum a datse kansa domin ya yi rassa, kada ya tafi sama inda hannun mace ba ya kai. Cikin ƴan watanni za a fara tsinka.

Wani zai ce ina ruwa? Ku dubi bakin masallatanmu. Sau 5 a yini jama'a suna alwala, ruwan yana malala a hanya ya zama taɓo da mazaunin sauro, alhali ruwa ne mai tsarki. Ina roƙon kowane liman da ladan da ke saurarena, a ja ƴar hanya daga wurin alwala, a dasa zogale uku ko huɗu a kewaye su, a damƙa kulawarsu ga samarin unguwa ko almajiran makaranta, a kuma sanar cewa ganyen na masu ciki ne da masu jego da marayu. A gida ma, ruwan wanke hatsi da na alwalar iyali ya isa ya rayar da itace biyu. Mu a namu masallaci mun yi, kuma waɗancan itatuwa biyu na bayan ɗakina, yanzu rago sai abin da mata suka rage.

Ya Allah, Ka sanya albarka a cikin abin da Ka azurta mu da shi, Ka nuna mana ni'imominKa da muka gafala daga gare su, Ka ba mu ikon gode musu. Ya Allah, Ka ba marasa lafiyarmu lafiya, Ka sauki masu ciki lafiya, Ka raya mana ƴaƴanmu bisa imani da ƙoshin jiki. Ka jiƙan waɗanda suka riga mu, manya da ƙanana. Ka ba mu damina mai albarka, Ka zaunar da ƙasarmu Nijar da maƙwabtanta lafiya, Ka sa muna cikin ƴantattun wannan wata. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, Allah Ya yafe mini. Gobe idan Allah Ya kai mu za mu shiga hukuncin mara lafiya da matafiyi.